Na sayar da rabin jarina a firgice, kuma har da kuɗin ƙanwata a ciki

"Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da hannun jari 300 na wani babban kamfani, na saye su a kan 80 kowane ɗaya. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin na ƙanwata ne, ta damƙa mini amana in juya mata. Mako biyar da suka wuce na kwanta farashi yana 100, na wayi gari yana 76. Manhajar dillalina ta yi jawur. Jikina na ɓari na sayar da rabi. Bayan kwana uku sai ga hannun jari 150 na wani kamfanin da ban taɓa saye ba sun faɗo cikin asusuna. Ashe wani reshe kamfanin ya cire ya zama mai cin gashin kansa, aka ba kowa ɗaya a kan kowane biyu da yake riƙe da su. Sun aiko da sanarwa tun watanni, ni ne ban buɗe ba. Sabon ya fara a kan 50, yau yana 38. Tsohon da na sayar kuma ya koma 81. Barci ya ƙaurace mini, wayata a ƙarƙashin matashi take kwana. Wani abokina ya ce irin waɗannan sababbin kamfanoni kullum tashi suke yi daga baya, wai in ci bashi in ƙara saye in mayar da asarata. Zuciyata kuma tana ce mini in sayar da komai in huta. Har yau ban gaya wa ƙanwata ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Sau biyu na karanta wasiƙarka, a karo na biyu na ɗauko biro na juya bayan wata takarda na jera lambobin da ka ba ni, domin na lura kai ba ka jera su ba. Ina so kai ma ka ɗauko biro mu yi tare kafin mu ce komai a kan abokinka ko ƙanwarka.

Daren da ka kwanta, 300 sau 100, dukiyarku 30,000 ce. Da safe, 300 sau 76 ya ba da 22,800, wannan shi ne abin da idonka ya gani. Abin da bai gani ba shi ne hannun jari 150 na sabon kamfani da suka riga suka zama naka tun a ranar, ko da yake ba su bayyana a allo ba sai bayan kwana uku. A kan 50, kuɗinsu 7,500. Haɗa su biyun: 30,300. Wato a safiyar da jikinka yake rawa, dukiyarku ta ɗan ƙaru ne ma.

To yau fa? Kuɗin rabin da ka sayar 11,400 suna nan. Ragowar 150 a kan 81, 12,150. Sababbin 150 a kan 38, 5,700. Jimla 29,250. Abin da kuka zuba shekara huɗu da suka wuce 24,000 ne. Da ba ka taɓa komai ba, da yau kuna da 30,000. Saboda haka firgitar nan ta ci muku 750, sai la'adar dillali. Ban raina 750 ba, kuɗi ne, kuma da guminku. Amma mutumin da ya zuba 24,000 yana zaune a kan 29,250 bai kamata ya kwana mako biyar ido biyu yana kiran kansa wanda ya yi asara ba.

Abin da kamfaninku ya yi ni yaye nake kiransa. Reshe ya girma a jikin uwa, sai a sauke shi ya tsaya da ƙafarsa, da shugabanninsa, da littafin lissafinsa, da farashinsa a kasuwa. Ranar da aka raba su dole farashin uwar ya sauka, domin wani yanki na abin da take da shi ya fita daga hannunta ya shiga hannun masu jari kai tsaye. A watan Yulin 2015 kamfanin eBay na Amurka ya yaye reshensa PayPal, ɗaya a kan ɗaya. Ranar Juma'a hannun jarin eBay yana wajen dala 66. Ranar Litinin ya koma wajen dala 28. Wanda ya kalli wannan lamba kaɗai zai rantse fiye da rabin dukiyarsa ta ƙone a hutun ƙarshen mako. Amma a gefe ga PayPal yana ciniki a wajen dala 40, kuma nasa ne. Ɗan ma ya fi uwar daraja a ranar.

Jan da manhajarka ta nuna maka kuwa yana da bayani. Ita ta riƙe 80 a matsayin kuɗin sayenka, ta ga 76, ta ce ka faɗi. Alhali 80 ɗin nan da ka biya abu biyu ka saya da shi ba ka sani ba, uwa da ɗa a goye. Bayan yaye ana raba kuɗin sayen ne gwargwadon darajar kowanne. A lambobinka, kusan kashi uku cikin huɗu na uwa ne, wato wajen 60, ragowar 20 na rabin hannun jarin ɗa, wanda ke nufin kowane sabon hannun jari ya tsaya maka a wajen 40. Ka ga ke nan abin da ka sayar a 76 riba ka ci a kansa, kuma sabon da kake kallo a 38 kana jin kamar rami ya faɗa, da ƙyar ya sauka ƙasa da abin da ya tsaya maka. Kamfanoni sukan fitar da takardar da ke nuna ainihin yadda za a raba wannan kuɗi, ka neme ta, ka sa dillalinka ya gyara. Kuma tunda riba ce ka ci, ka tambayi wanda ya san dokar harajin inda kake ko akwai abin da ya hau kanka.

Ba na ganin wauta a firgitar da ka yi. Haka aka gina zuciyar ɗan Adam. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan tun 1979, kuma aikin yana cikin abin da ya sa aka ba Kahneman kyautar Nobel a 2002: zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinsa, kusan ninki biyu. Sannan mutum ba ya auna dukiyarsa da kanta, yana auna ta ne da wata lamba da ya kafa a ransa. Kai lambobi biyu ka kafa, 80 da ka saya da 100 da ka kwanta a kai. Da 76 ta keta su duka biyun a dare ɗaya, hannunka ya riga kanka isa wurin. Yanzu kuma ka kafa sababbi: 50 ga ɗan, 76 ga uwar. Kullum kana auna kanka da su, kowace safiya suna ba ka kashi. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, kuma babu ruwanta.

Inda zan ɗora maka laifi wuri ɗaya ne, kuma kai ma ka ambace shi da bakinka: sanarwar da ba ka buɗe ba. Yaye ba ya zuwa bagatatan. Ana shelarsa watanni kafin ranar, wani lokaci fiye da shekara. Kamfanin General Electric na Amurka ya sanar da shirin rabewa gida uku a Nuwamban 2021, reshen lafiya bai fita ba sai Janairun 2023, na makamashi kuma sai Afrilun 2024. Mai riƙe da kuɗin kansa yana iya sakaci da wasiƙa ya ce shi ya jiyo. Mai riƙe da amanar wani ba shi da wannan damar. Wannan shi ne abin gyara, kuma gyaransa ba wuya.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci maka rai, saukar sabon daga 50 zuwa 38. Ka yi tunanin su wa aka ba wannan hannun jari. Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya tashi ya ce shi yake so. Kowa uwar ya saya, aka manna masa ɗan. Akwai manyan asusu masu bin jerin kamfanoni sau da ƙafa, irin jerin S&P 500 na Amurka. Idan sabon kamfani bai kai girman shiga jerin ba, dokar asusun ta tilasta musu sayarwa, ko yana da kyau ko ba shi da shi. Akwai masu kula da kuɗin fansho da aka gindaya wa sharaɗin kada su riƙe ƙananan kamfanoni, ko waɗanda ba sa rabon riba. Akwai dubban mutane irinka da suka ga baƙon suna a asusunsu, ɗan kaɗan ne, ba su san shi ba, suka ce a kai kasuwa. A ɗaya gefen kuma masu saye ba su riga sun taru ba, domin kamfanin bai fitar da rahoton ko wata uku na kansa ba, masu nazari ba su fara bibiyarsa ba. Masu sayarwa da yawa suna gaggawa, masu saye kaɗan suna jira. Farashi sai ya sunkuya, ba tare da ma'aikacin kamfanin ko ɗaya ya canza abin da yake yi ba.

Wannan ita ce ƙwayar gaskiyar da ke cikin maganar abokinka. Akwai ma bincike a bayanta: a 1993 wasu malamai uku, Cusatis da Miles da Woolridge, sun bi diddigin yayen da aka yi a Amurka daga 1965 zuwa 1988, suka ga a jimlace kamfanonin sun fi takwarorinsu tashi cikin shekara uku. Amma ka kula da abu biyu. A jimlace suka ce. Kuma sun gano yawancin fifikon ya fito ne daga waɗanda wasu kamfanoni suka zo suka saye daga baya da tsada. Kalmar "kullum" abokinka ne ya ƙara ta daga aljihunsa.

Dubi yadda ta kaya wa wasu. IBM ya yaye Kyndryl a Nuwamban 2021, ɗaya a kan biyar. Ya fara a wajen dala 26, cikin 2022 ya gangara ƙasa da dala 10, sai a ƙarshen 2024 aka gan shi sama da dala 30. Wanda ya saya da kuɗinsa a makon farko ya jure, ya ga haske bayan shekara uku. Wanda ya saya da bashi fa? Mai bin bashi ba ya jiran shekara uku, tun farashi na ƙasa zai sa a sayar. A Afrilun 2022 kamfanin sadarwa na AT&T ya sauke sashensa na fina-finai da talabijin, aka haɗe shi da Discovery ya zama Warner Bros. Discovery, ya fito duniya da bashin da ya haura dala biliyan 50 a wuya. Ya fara a wajen dala 24, kafin shekarar ta ƙare ya sauka ƙasa da dala 10, har cikin 2024 bai farfaɗo ba. Ita kanta uwar ta rage ribar da take rabawa daga dala 2.08 a shekara zuwa 1.11. GE Vernova kuwa, reshen makamashin nan na General Electric da ya fita a Afrilun 2024 bai tsaya dogon sunkuyo ba, kafin ƙarshen shekarar ya fi ninka farashinsa. Duk sunansu yaye. Wani uwa ce ta sake shi don ya yi gudu, wani kuma an ɗora masa kayan da uwar ta gaji da ɗauka ne aka turo shi waje. Farashin mako biyar ba zai gaya maka wanne ne naka ba.

Akwai labarin da nake tunawa duk lokacin da wani ya ce mini ai kasuwa ta fi kowa sani. A watan Maris na 2000 kamfanin 3Com ya sayar da ɗan yanki na reshensa Palm, ya kuma sanar cewa zai raba ragowar ga masu jarinsa, wajen ɗaya da rabi a kan kowane ɗaya. A ranar farko Palm ya rufe a dala 95. Ɗaya da rabi na wannan ya haura dala 140. Amma 3Com, mai ɗauke da wannan rabo a cikinsa haɗe da sauran sana'arsa da kuɗinsa na banki, ya rufe a ƙasa da dala 82. Lissafin da ɗan firamare zai yi, ga shi mutane masu digiri sun tsallake shi saboda zumuɗi. Idan zumuɗi zai iya kai farashi can sama babu dalili, tsoro ma zai iya kai shi ƙasa babu dalili. Kuma a lokacin yaye, su biyun sun fi yawa a kasuwa.

Batun bashi, amsata a'a ce, kuma ba zan sassauta ta ba. Ka saurari yadda ka rubuta: "in mayar da asarata". Wannan ba maganar mai zuba jari ba ce, maganar wanda aka ɓata wa rai ce yana neman ramuwa. Asarar da kake son mayarwa 750 ce. Saboda ita za ka ɗauko kuɗin mutane, mai wa'adi, ka zuba a kamfanin da ka ce da bakinka ba ka taɓa saninsa ba sai da ya faɗo asusunka. Garin neman gira ke nan. Ka tambayi abokin naka nawa ne bashin da ke kan kamfanin, me yake sayarwa, wa yake sayar wa. In ya amsa, ka saurare shi a matsayin mai ra'ayi. In ya ce ai kowa ya sani tashi zai yi, ka gode masa ka canza hira. Ko ya amsa duka daidai ma, bashi dai a'a.

Sayar da komai don ka huta kuwa, tsoron safiyar nan ne ya dawo da wata riga. Zai ba ka barcin kwana biyu, ranar da ka ga farashi ya ɗaga kuma da-na-sani ta dawo sabuwa. Ban ce kada ka sayar ba. Mai yiwuwa bayan ka duba ka ga sayarwar ce daidai. Amma a sayar don an karanta an gane, da rana tsaka, ba don a samu a runtsa ba.

Abin da nake so ka yi a makon nan karatu ne. Kowane yaye yana zuwa da doguwar takardar bayani da ake miƙa wa hukumar kula da kasuwar hannun jari, a Amurka Form 10 ake kiranta, kuma tana nan a shafin kamfanin kyauta. Ba sai ka karanta ta duka ba. Nemi bashin da aka ɗora wa ɗan, ka gwada shi da ribar da yake samu a shekara. Duba ko uwar ta karɓi wani babban kuɗi daga hannunsa kafin ta sake shi, domin sau da yawa bashi ake sa shi ya ci ya biya ta. Duba ko cinikinsa ƙaruwa yake ko raguwa a shekara uku da suka wuce, da kuma nawa ne daga cinikin yake fitowa daga uwar kanta. Wanda uwarsa ce babbar mai saye a wurinsa bai gama yayuwa ba. Sannan abin da ni na fi ba muhimmanci: su wa suka bi shi? Idan ƙwararrun shugabannin uwar sun zaɓi komawa wurin ɗan, kuma ladansu a hannun jarinsa aka ɗaure shi, ko ka ga suna saye da kuɗin aljihunsu, wannan alama ce mai nauyi. Mutum ba ya barin inuwa ya koma rana sai ya hango wani abu.

Bayan ka gama, ka yi wa kowane kamfani tambaya ɗaya, daban-daban: da a ce 5,700 ɗin nan tsabar kuɗi ne a hannuna yau, zan sayi wannan kamfani da su a kan 38? In eh, riƙe. In a'a, sayar, ko da kuwa 50 tana maka gizo. Haka za ka yi wa uwar a kan 81. Kamfanin da ka saya shekara huɗu da suka wuce babu shi yanzu, an cire masa wani sashe, dole ka sake duba ko dalilin da ya sa ka saye shi yana wurin uwar ko ya bi ɗan. In ka ga uwar ta cancanta, sake sayen abin da ka sayar a 76 a kan 81 ba abin kunya ba ne. Mutane da yawa sun ƙi komawa kamfani mai kyau shekara da shekaru don kawai kada su biya biyar fiye da yadda suka sayar.

Wayar nan kuma ka fitar da ita daga ɗakin barci. Na san yadda abin yake: ƙarfe biyun dare, haske a fuska, babban yatsa yana jan allo ƙasa yana saki, kasuwa ma a rufe take, lambar ba za ta motsa ba, amma ana sake ja. Kowane kallo ƙofa ce ta yin abin da ba a shirya ba. Masu bincike biyu, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi asusun gidaje fiye da 66,000 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar ta ba da 17.9. Ka kashe sanarwar farashi, ka bar ta saƙonnin kamfani a kunne. Da ma juyin haka ka yi, shi ya kawo mu nan.

Saura ƙanwarka, kuma ina jin ita ce ainihin abin da ya hana ka barci, ba 38 ba. Ka ce amana ta ba ka. Mako biyar kana ɗauke da labarin kuɗinta kai kaɗai, kana gina shi a ranka har ya zama dodo. Ga gaskiyar abin da za ka kai mata: ta zuba 8,000, yau rabonta 9,750 ne, kuma da yayanta bai yi gaggawa ba da 10,000 ne. Kowace rana da ka ƙara, ɓoyewar tana yin nauyi fiye da 250 ɗin. In ta ji daga baya ta wata hanya, ba kuɗin za ta tambaya ba, cewa za ta yi me ya sa Yaya bai faɗa mini ba.

Ka je wurinta da kanka, kada ka aika saƙon waya. Ka tafi da takardar da muka yi lissafi a kai, ka ajiye mata a gaba. Ka ce mata an aiko sanarwa ba ka karanta ba, ka tsorata ka sayar ba ka shawarce ta ba. Kada ka fara da cewa ai har yanzu riba ake ci, bari ta ga wannan da idonta a takardar. In da ma akwai alkawari tsakaninku cewa ba za a taɓa kuɗin ba sai da saninta, ka ce za ka cika mata 250 ɗin daga naka rabon, karɓa ko yafewa ya rage nata. Sannan ka tambaye ta abin da ba ka tambaye ta ba tun farko: yaushe take bukatar kuɗin nan, kuma saukar nawa za ta iya gani ba hankalinta ya tashi ba? In kuɗin da za ta nema nan da shekara ɗaya ne, rabonta na 11,400 da ke zaune ya ci gaba da zama, kada a mayar da shi kasuwa. In ta ce tana son nata asusun da sunanta, ka taimaka mata ta buɗe, kada ka ɗauke shi a matsayin ta daina yarda da kai.

Ka rubuto mini bayan kun zauna, ka haɗo da adadin bashin da ka gani a takardar kamfanin da ribarsa ta bara, mu duba tare.